Kwamfutata ta ƙi karɓar Windows 11: in koma Linux ko in sayi Mac?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Kwamfutar tafi-da-gidanka gare ni tun ta 2016, Windows 10 ce a kanta, kuma lafiyarta lau. Na so in sa mata Windows 11 ta ƙi. Wani abokina ya ce in koma Linux, wani ya ce in haƙura in sayi Mac. Aikina rubutu ne a Word, lissafi a Excel, shiga intanet, sai ɗan gyaran hotuna. Wanne ya fi? Kuma in na sauya, fayilolina ba za su salwanta ba?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ƙin da ta yi ba alamar lalacewa ba ne. Da Microsoft ya fitar da Windows 11 a Oktoban 2021, ya gindaya sharuɗɗa: sai kwamfuta tana da na'urar tsaro ta TPM 2.0, kuma idan ƙwaƙwalwarta ta Intel ce, ta kasance daga zubi na 8 zuwa sama, wanda ya fara fitowa a 2017. Taka ta riga shi zuwa duniya. Akwai dabarun tsallake sharuɗɗan, amma kamfanin bai yi alkawarin ci gaba da aiko wa irin wannan kwamfuta gyare-gyare ba, don haka ba na ba mutum shawarar ya ɗora sana'arsa a kansu. Ita kuwa Windows 10, an daina tallafa mata a ranar 14 ga Oktoban 2025, in ban da shirin ƙarin wa'adi na shekara ɗaya ga wanda ya yi rajista. Za ta ci gaba da kunnuwa, sai dai duk wata kafa da masu kutse suka gano daga baya, ba mai toshe ta.

Batun "wanne ya fi" kuwa, ba a babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta (Windows, Linux ko macOS ta Mac) ake yanke shi ba, a ƙananan manhajojin da kake aiki da su ne. Ɗauki takarda ka rubuta duk wadda ka buɗe a cikin wata guda, har da ta firinta. Wannan takardar ce za ta raba gardamar abokanka.

Mac ba sauya manhaja ba ne, sayen sabuwar kwamfuta ne, domin Apple bai yarda a ɗora macOS a kan injin wani ba. Word da Excel da Photoshop duk suna aiki a kanta, batirinta kuma yana daɗewa sosai tun da suka koma ƙwaƙwalwar da suke ƙerawa da kansu, daga M1 a 2020. Amma ba a ƙara mata RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, bayan an saya. In dai kuɗin sabuwa za ka kashe, Windows 11 ma tana nan a kan sababbin kwamfutoci, ba kuma sai ka koyi komai ba.

Linux ce kaɗai za ta raya wadda ke hannunka ba tare da ka sayi komai ba. Linus Torvalds ya fara ta a 1991, yau kuma tana da ire-ire da yawa. Ga wanda ya saba da Windows, Linux Mint nake zaɓa masa: an gina ta a kan Ubuntu, wani sanannen nau'in Linux, fuskarta ta yi kama da wadda ka sani, kowane babban zubinta kuma ana tallafa masa kusan shekara 5. Intanet ba matsala, Firefox da Chrome duk suna nan. Gyaran hoto akwai GIMP, wadda za ta ishe ka in yanke hoto da gyara haske ne aikin. Photoshop dai babu.

Inda gizo ke saƙa shi ne Word da Excel. Microsoft bai yi su don Linux ba. LibreOffice, manhajar ofis da ke maye gurbinsu a Linux, tana buɗe fayilolinsu, tana kuma adanawa a irin tsarinsu, wasiƙa ko rahoto mai sauƙi ba za ka ga bambanci ba. Amma takarda mai jadawali da yawa takan goce, layi ya tsallaka wani shafin, musamman idan da haruffan Calibri aka rubuta ta, tunda ba sa zuwa da Linux. Excel mai ɗauke da umarnin VBA kuwa, wato ƙananan shirye-shiryen da ke yin aiki da kansu a cikin fayil, sau da yawa ba ya aiki yadda ya kamata. Akwai Word da Excel na cikin burauza, sai dai suna buƙatar intanet kuma an rage musu abubuwa. In kai kaɗai kake amfani da takardunka, koma Linux hankalinka kwance. In kullum kana musayarsu da ofishin da ba ya yafe gocewar layi, yi tunani sau biyu.

Gani ya kori ji. Sauke Mint, ka zuba ta a filas mai gigabait 8 da manhajar Rufus ko balenaEtcher, ka tayar da kwamfutar daga filas ɗin. Za ta yi aiki ba tare da ta taɓa Windows ɗinka ba. Gwada Wi-Fi, sauti, kyamara da firinta, ka rufe murfin ka buɗe ka ga ko za ta farka, sannan ka buɗe fayilolin Excel ɗinka mafi rikitarwa. Za ta ɗan yi nauyi, laifin filas ne.

Fayiloli ba sa salwanta don an sauya manhaja, a wajen girkawa suke salwanta, lokacin da mutum ya zaɓi a goge ma'adanar fayilolin kwamfutar gaba ɗaya bai karanta ba. Kafin komai, kwafe su zuwa ma'adanar waje, ka buɗe wasu daga can ka tabbatar sun kwafu. A cikin tsare-tsaren da ake shirya ma'adana da su, exFAT ya fi dacewa da ta wajen, domin Windows da Mac da Linux duka suna karanta shi suna rubutu a kansa. NTFS kuwa, tsarin da Windows ta saba amfani da shi, Mac karantawa kawai take yi. Kada ka manta da kalmomin sirrin da burauza ta riƙe maka, da mabuɗin BitLocker, makullin ma'adana na Windows, idan an kulle taka da shi.

Kana iya ajiye Linux gefe da gefe da Windows, ka riƙa zaɓa a lokacin kunnawa. In haka za ka yi, kashe Fast Startup, zaɓin saurin kunnuwa, a Windows tukuna, in ba haka ba Linux ba za ta iya rubutu a ɓangaren Windows na ma'adanar ba. Kuma in tsohuwar ma'adana mai juyawa ce a cikin kwamfutar, canza ta da SSD, ma'adana mai sauri wadda ba ta juyawa, kafin ka girka. Saurin da za ka samu daga nan ya fi wanda sauya manhajar zai ba ka.