Balbela ta fito fari fat, ko sai na sayi babban lens?

Toh yaro na ga hotunan da ka ɗauko a Jabi Lake, tafkin nan na Abuja, na kuma ga tambayarka, wai balbela duk ta fito fari fat ko gashi ɗaya ba a gani, sannan da ka matsa sai su tashi, ko sai ka sayi babban lens mai 600mm na jawo nesa tukuna. A'a, riƙe kuɗinka. Wannan lens 70-300mm ɗin da kake zuwa biki da shi ya isheka a wuri irin Jabi.

Kyamara hasken duka hoton take aunawa, in ta ga ruwa mai duhu ya cika wuri sai ta ɗauka haske ne ya yi kaɗan ta ƙara, to shi tsuntsun da yake fari shi ne zai ƙone, kamar dai amarya mai farin leshi a gaban baƙin labule, ai ka san wannan. Ka sauke ekspoja, wato yawan hasken da kyamara take ɗauka, zuwa -1, in rana ta buɗe sosai har -2, ka kunna abin nan da yake sa wurin da ya ƙone ya dinga ƙiftawa a sikirin, kayi ta saukewa har ƙiftawar ta bar jikin tsuntsun. Ruwan yayi baƙi ba komai, ya ma fi kyau. Kuma RAW zaka ɗauka, wato ɗanyen hoton da kyamara bata gyara ba, duhu ana ɗago shi wajen editin amma farin da ya ƙone ya tafi kenan.

Daga inuwar ma na gane da tsakar rana kaje. Ka fita bayan asuba, rana na ɓullowa kana bakin ruwa ita kuma tana bayanka. Lokacin hunturu hazo yana tausasa haske amma na nesa baya fita garau, sai ka tsaya kan na kusa.

Maganar tashi kuma, tsuntsun cikin gari ya saba da mutane, masu motsa jiki na wucewa, ga masu kwale-kwale, ko a jikinsa, a Amsterdam ma zalɓe har kasuwa yake shiga ya tsaya kusa da masu kifi. Wanda baya so shine wanda ya nufo shi kai tsaye ya zuba masa ido. Ka duba inda suke kiwo, ka zauna a ƙasa ɗan nesa kayi shiru, su da kansu zasu matso. Zaman ƙasan nan zai sa kyamara ta zo daidai da idon tsuntsu, bayansa ya narke, ba irin naka da ka ɗauka a tsaye sai tsakar kai da laka ba. Fokos kullum a ido.

Zalɓe shi ne zai koya maka aikin. Zai tsaya ƙiƙam kace icce ne, sai kaga ya fara miƙa wuya gaba a hankali, ya ɗan karkata kai, baki ya nuna ruwa, to a nan yatsanka ya kasance kan maɓalli domin saran kafin ka ƙifta ya wuce. Shota, wato saurin ɗaukar hoton, kar ta gaza 1/1000 na daƙiƙa, na tsuntsun da yake sama kuma 1/2000, ISO, wato yadda kyamara take jin haske, ka barshi oto, ɗan yashi-yashi a hoto ya fi hoton da ya girgiza. In zalɓen zai tashi yakan ɗan durƙusa, sau da yawa ma sai yayi kashi tukuna, kuma iska yake fuskanta, don haka in iska na bugun bayanka kai zai nufo.

Sannan ba duk fari ne balbela ɗaya ba. Mai bin shanu bakinta rawaya ne, lokacin ƙwai kanta da ƙirjinta sukan yi ja-ja, ɗayar siririya mai shiga ruwa bakinta baƙi, ƙafa baƙa, yatsu rawaya. Hoto na uku da ka turo ita ce.

Dan Allah banda jifa don su tashi, masu yin haka bayan tsuntsu kawai suke samu. Ka gaisa da masu gadi kafin ka fito da kyamara, ka guji yammacin Asabar da Lahadi saboda cunkoso. In ka koma ka turo min RAW ɗin yadda suke, kar ka taɓa su.