Tambaya da Amsa: Me ya hana Sarki Odifus yin shiru?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce, a darasin adabi aka ba mu wasan kwaikwayon nan na Girka, Sarki Odifus, na karanta har sau biyu amma abu ɗaya ya tsaya min a rai. Mutum yana kan sarautarsa ga mata ga 'ya'ya huɗu, ana ta ce masa ya bar binciken nan ya ƙi ji, har ya gano shi ya kashe ubansa kuma uwarsa ya aura. Ba wannan ne garin tone-tone kaza ta tono wuƙar yanka ta ba? Wata ɗaliba daga Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ni dai gaskiya ban ga kaza a nan ba. Ki tuna fa tun farko ba asalinsa ya fita nema ba, annoba ce ta faɗa wa birnin Tibis inda yake sarauta, mutane na mutuwa dabbobi na mutuwa gona ta ƙi, aka aika Delfi wurin masu duba na gunki Afolo, amsa ta dawo wai sai an nemo wanda ya kashe tsohon sarki Layus. To wane sarki ne talakawansa na faɗuwa zai ce a bar maganar? A nan Sofokilis, da ya rubuta wasan a Atina wajen shekara 429 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya nuna gwaninta, tambayar wa ya kashe sarki a hankali ta rikiɗe ta koma ni ɗan waye.

Kuma wannan ta biyun tsohon miki ne. Tun yana saurayi a Korinti wani ya sha ya bugu a wurin walima ya yi masa gori cewa ba sarki Folibus ne ya haife shi ba, kin san zafin gorin asali ba sai na faɗa miki ba. Ya tafi Delfi ya tambaya ba a ba shi amsa ba, sai aka ce zai kashe uba ya auri uwa, shi kuma ya guje wa Korinti don kar ya cuci waɗanda yake zaton iyayensa ne, gudun nan ne ya kai shi mararrabar hanya uku inda ya kashe Layus, ubansa na gaskiya. Alhali amsar na jikinsa, sunan ma ma'anarsa mai kumburarriyar ƙafa, saboda an huda masa idon sawu yana jariri aka ba makiyayi ya yar da shi a kan dutse.

Wurin da ya fi taɓa ni wallahi shi ne da Jokasta, matarsa kuma mahaifiyarsa, ta riga shi ganewa tana roƙonsa ya bari, shi kuma a zatonsa kunya take ji kar a ce ta auri ɗan bayi, ya dage ko ɗan waye shi sai ya sani. Kisan da auren duk sun faru cikin rashin sani shekaru kafin a fara wasan, binciken ne ya yi ido buɗe. Da ya bi shawararta da Tibis ta ci gaba da mutuwa, shi kuma ya ci gaba da zama da mahaifiyarsa, to ina rufin asirin?

In kin samu dama ki nemi wasan kwaikwayon The Gods Are Not to Blame na Ola Rotimi, wanda aka fara nunawa a Ife a 1968, can labarin ya koma ƙasar Yarbawa, kuma ki lura da kyau, gorin ƙabila ne ya tunzura Odewale, wato Odifus na wannan wasan, har ya kashe mutumin da bai san ubansa ba ne.