Amsa ga ƙanena mai son zuwa Legas karatun muhalli

Ƙanena, na ga saƙonka. Ka ce kana son digiri na biyu a Jami'ar Legas (UNILAG), kana kuma tambayar wane batu ne ke samun tallafin bincike a cikin muradun ci gaba mai ɗorewa.

Muradun nan 17 ne, Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a Satumbar 2015, wa'adinsu 2030, kuma da hannun Amina J. Mohammed a tsara su. A takarda duk matsayinsu ɗaya. Amma a idona muradi na 13, wato sauyin yanayi, shi ne ɗan lele. Shi ke da taron COP, wato taron ƙasashen duniya kan sauyin yanayi, inda a Glasgow a 2021 Buhari ya ɗauki alkawarin rage hayaƙi zuwa 2060. Masu ba da kuɗi daga Turai suna binsa, malamai suna bin kuɗin, 'yan jarida kuma suna bin abin da zai yi kyau a hoto. Tun 2019 mujallar ilimi ta Times Higher Education ke jera jami'o'i bisa muradun, shi ya sa za ka ga ana liƙa wa kowane bincike lambar muradi ko ta dace ko ba ta dace ba.

Legas kuwa ba ta rasa hoto. Baƙon ɗan jarida na sauka sai Makoko, ya ɗauki kwalekwale da gidajen katako a kan ruwa, ya leƙa Eko Atlantic, sabon birnin da ake ginawa a inda aka cike teku, ya koma. Da aka hana robar zuba abinci ta sitairofom a Janairun 2024, ko'ina an buga.

To amma fito da asuba a Agege ko Idi-Araba. Ga mai ruwa ya cika jarkoki a rijiyar burtsatsen wani, yana tura kura da ƙirji, wandonsa a jiƙe har gwiwa, gida-gida, saboda famfon gwamnati bai isa unguwar ba. Muradi na 6 ke nan, ruwa da tsafta, a garin da ruwa ya kewaye. Je bolar Olusosun a Ojota ka ga 'yan jari-bola suna ware ƙarfe da roba da hannu. Su ke yin aikin da ake shirya wa taro a otal, ba a gayyace su ba. Haka da aka hana acaba a wasu ƙananan hukumomi a 2022, an fi maganar cunkoso da tsaro, ba inda yaran za su ci abinci ba.

Nan ribarka take. Masu ruwan, 'yan jari-bolan da 'yan acaban nan, da yawansu 'yan Arewa ne ko Nijar, kai kuma ba ka bukatar tafinta. Tambaye su abin da ya raba su da gona, za ka ji fari, hamada da rashin tsaro. Ka ga na 13 ya shigo da kansa ba tare da ƙarya ba, sai ka ɗora na 6 ko na 8, wato aikin yi mai mutunci, a kansa. Mai ba da tallafi ya ga abin da yake nema, kai ma ka yi naka.

Kafin ka fara hira da kowa, ka je ka gaida Sarkin Hausawan unguwar, in ba haka ba za a ɗauke ka ɗan leƙen asiri. Kuɗin haya a Yaba da Akoka, unguwannin jami'ar, na shekara ake biya, ban da na dillali. Kuma kada ka ajiye aikinka sai takardar gurbin karatu ta shigo hannunka.