Tambayoyinku: Wa zai karɓo min kuɗin waƙata?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ni matashi ne daga Aboabo nan Kumasi, na yi waƙa uku a situdiyo, ɗaya har DJ na sa ta wajen biki, rediyo ma sun taɓa sakawa amma wallahi ko sidi ɗaya ban gani ba. Abokina ya ce in nemi ƙungiyar nan ta Amurka mai ba mawaƙa faifan zinariya, wai su ke karɓo wa mawaƙi haƙƙinsa. Haka ne?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Abokinka ya haɗa abu biyu wuri ɗaya. Wadda yake nufi RIAA ce, an kafa ta 1952, kuma ƙungiyar kamfanonin faifai ce ba ta mawaƙa ba, su ne ke kai masu satar waƙa kotu, su matsa wa majalisa kan dokar haƙƙin mallaka, sannan su ƙirga abin da aka sayar. Kwafi 500,000 a ba ka Gold, wato faifan zinariyar, miliyan 1 kuma Platinum, yanzu ma har sauraro ta intanet suna lissafawa, sau 150 daidai da kwafi ɗaya na waƙa. Ingila na da irinta, BPI. Gold da Platinum ɗin nan lambar yabo ce dai, ba su raba wa kowa kuɗi.

Mu nan Gana wajen da za ka dosa GHAMRO ne, dokar haƙƙin mallaka ta 2005 ce ta ba su hurumi su karɓi kuɗi hannun gidajen rediyo da talabijin da otal-otal su raba wa masu waƙa, to amma in ba ka yi rijistar waƙoƙinka ba ta ina za su san da kai? Mawaƙa na kukan abin da ake rabawa ba shi da yawa, ba zan ɓoye maka ba, duk da haka ka yi. MUSIGA kuma ita ce ƙungiyar mawaƙa su kansu.

Abin da ya fi damuna ma situdiyon ne. Na sha ganin yaro ya biya kuɗinsa, furodusa ya tura masa waƙar ta WhatsApp, asalin fayil na nan kwance a kwamfutarsa babu ko takarda, ranar da waƙar ta ɗauka sai ya ce ai kiɗan nasa ne. Dan Allah satin nan ka koma wajensa da shaidu biyu, ku rubuta wa ke da kiɗa, wa ke da baiti, kashi nawa kowa zai ɗauka, ku sa hannu, ka karɓo asalin a filashi kafin ka je rijista.