Kar ka tilasta musu kunna kyamara

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga saƙonka, ka ce in ka hau Zoom, manhajar taro ta bidiyo, da ɗalibanka 'yan aji ɗaya kowa sai ya kashe kyamara ya yi tsit, kana ta zuba kai kaɗai kamar rediyo, wai ko ka kafa doka duk wanda bai kunna ba a rubuta bai zo ba.

Kar ka soma. Yawancin yaran nan da waya suke shiga, bidiyo kuma shi ke zuƙe data, ga netwok yana rawa, wani ɗaki ɗaya yake da ƙannensa, wata ba ta son aji duka ya leƙa tsakar gidansu kuma tana da gaskiya.

Shirun nan gyaransa a hannunka yake. Daina cewa "akwai mai tambaya?" ko a ɗakin lakca wa yake amsa wannan balle a waya. Kama suna, wance me kika fahimta a nan, sannan ka ja bakinka ka jira, don sai maganar ta isa gare ta, ta lalubo inda za ta buɗe makirufo, ta tattaro amsa, mu kuwa malamai ba mu iya jira ba wallahi, kafin yarinya ta buɗe baki mun amsa wa kanmu mun wuce. Ƙirga goma a zuci. Wanda muryarsa ke yankewa ya rubuta a wurin saƙo na Zoom, ka sa wakilin aji ya riƙa duba rubutun yana faɗa maka, kai ba za ka iya koyarwa kana karantawa ba.

Zoom na kyauta yana yanke ku a minti 40, ni ina ganin gata ya yi maka ma. Ka raba lakcar awa biyu gida-gida, in ya yanke a sha ruwa a dawo.

Takardun darasi ka mayar PDF ka jefa a guruf ɗin WhatsApp tun dare, wanda netwok ya jefar waje zai san shafin da ake. In da kwamfuta kake, danna rikodin, bayan an tashi ka tura musu muryar kawai, ba ta da nauyi. Kuma ka yi caji tun safe, ka ajiye layi na biyu kusa, ka san halin NEPA.