Gayyatar cin gasasshen nama a Tokiyo

Ɗan'uwa, ka ce za ka taro a Tokiyo, abokan aiki sun gayyace ka cin yakitori, kana so ka san yadda yake da kuma ko Musulmi zai iya ci.

Naman kaza ne a tsinke, kamar tsirenmu, sai dai ba ƙuli ba yaji. A kan wani gawayi mai suna binchotan ake gasa shi, ga zafi, hayaƙi kaɗan. Mai gashin na tsaye gabanka yana juya tsinkaye, yana miƙo maka ɗaya bayan ɗaya da zafinsu. Wanda ya fi burge ni shi ne negima, cinya ce da albasa mai lawashi a tsakani, kitsen ya narke ya ratsa albasar.

Inda za ka yi hattara shi ne romon da suke tsoma naman. Da ruwan waken soya da sukari da mirin ake haɗa shi, mirin kuwa giyar shinkafa ce. In an tambaye ka ko da romo kake so ko da gishiri, ka ce shio, wato gishiri zalla. Amma hakan bai warware maganar yanka ba, kuma gidaje da yawa na gasa alade a murhu guda. A garin Muroran da ke arewacin Japan ma, yakitorinsu alade ne.

Shawarata, ka roƙi abokan tun da wuri su nemi gida mai shaidar halal. Akwai su a Tokiyo, musamman na yakiniku, inda ake kawo maka yankakken naman sa ka gasa da hannunka a tebur.

Kada ka ba ma'aikata tukwici, ba al'adarsu ba ce.