Amsa: Daga ina tara katin 'yan ƙwallo ya samo asali?

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka tambaya ko da Panini, kamfanin hotunan 'yan ƙwallo na liƙawa, aka fara harkar tara katin 'yan ƙwallo. A'a, abin ya girme su nesa ba kusa ba. Tun ƙarshen ƙarni na 19 kamfanonin taba a Ingila suke cusa ɗan kati a cikin kwalin sigari don kada ya lanƙwashe, daga nan suka ga ai sai a buga hoto a jiki, har da na 'yan wasa. Masu cingam da alawa suka bi sahu.

Panini kuwa 'yan'uwa ne masu sayar da jarida a garin Modena na Italiya. A 1961 suka fitar da kundin liƙa hotunan 'yan wasan gasar ƙwallon ƙasarsu, na Kofin Duniya kuma sai a 1970, gasar Meziko. A farko da gam ake liƙawa, mai manne kansa daga baya ya zo. Dabararsu ita ce rufaffen ƙunshi: ba ka san wanda za ka samu ba, sai ka tara mutum ɗaya sau uku, dole ka nemi abokin musaya.

Mu nan Kano kundin bai wadata ba, gaskiya. Hoton cikin cingam muka fi sani, da fosta ta Sabon Gari da muke yankawa da reza mu liƙa a bangon littafi ko ƙofar shago. Ni a wurina wannan ma tarawa ce, kada kowa ya raina ta.

In za ka fara, nemi kundin Panini na Kofin Duniya na 2018. Akwai Ahmed Musa da Shehu Abdullahi, dukkansu sun buga wa Kano Pillars. Ka adana shi a leda, nesa da rana da damshin damina.